Hedfon mai jijjiga: zai taimaka maka a PUBG, kuma zai yi aiki a wayarka?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina buga PUBG Mobile a waya kusan kullum bayan isha'i, ina kuma da PS4 a ɗaki, muna buga ƙwallo da tseren mota ni da ƙannena. Makon jiya na shiga Farm Centre sayen caja, sai wani mai shago ya ɗora min wani hedfon a kai. Da aka yi harbi a bidiyon da ya kunna sai na ji kaina ya girgiza. Ya ce da shi zan riƙa jin abokin gaba tun kafin ya iso. Amma abokina ya sayi irinsa, a wayarsa fitilar ce kawai ke kamawa, jijjigar ba ta zuwa. Da gaske yana ƙara wa mutum ƙwarewa? Zai yi aiki a waya da PS4? Kuma ba ya lalata kunne?" Mai karatu daga Hotoro, Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Kana son sanin ko jijjigar nan za ta sa ka riƙa cin wasa, ko za ta yi aiki da kayan da kake da su, da kuma ko akwai haɗari ga kunnenka. Ta farkon zan fara ba ka amsa kai tsaye: jijjiga tana ƙara daɗin wasa sosai, amma ba ta gaya maka inda abokin gaba yake. A PUBG ma, idan ka ƙure ta, ɓoye maka shi za ta yi. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera abin.

Abin da ke motsi a cikin murfin kunnen

Sauti kansa kaɗawar iska ne. Ana auna shi da Hz, wato sau nawa abu ya kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 Hz zuwa kusan 20,000 Hz. Sauti mai kauri, wanda muke ce wa bes, yana ƙasa da 200 Hz, kuma shi ba kunne kaɗai ke jinsa ba, har fata da ƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan Daushe ya san wannan: kafin ka gama jin ƙarar, ƙirjinka ya riga ya amsa. Sifikar da ke cikin hedfon faɗinta milimita 40 ko 50 ne kawai, ba ta da ƙarfin tura iskar da za ta taɓa jiki haka. Shi ya sa masu ƙira suka ƙara wata na'ura ta biyu a bayan sifikar, wadda ba iska take turawa ba, murfin kansa take kaɗawa, shi kuma ya kaɗa ƙashin gefen kanka.

Wannan na'urar ta biyu ita ce ke raba mai kyau da na banza, kuma daga waje ba a gane ta.

Mafi araha ɗan moto ne da aka liƙa wa ƙarfe mai nauyi a gefe ɗaya na sandarsa, irin wanda ke cikin tsofaffin wayoyi. Idan ya juya, nauyin da ya karkace sai ya riƙa fizgar jikin hedfon. Akwai irinsa guda biyu a hannun PS4 ɗinka, babba a hagu, ƙarami a dama. Matsalarsa biyu ce. Sai ya ɗauki lokaci kafin ya kai cikakken gudu, kuma bayan an yanke masa wuta yana ci gaba da juyawa kaɗan, don haka jijjigar tana zuwa bayan harbin, ta kuma wuce shi. Sannan ƙarfinsa da saurinsa a ɗaure suke: ba zai iya ba ka jijjiga mai ƙarfi a hankali ba, ko mai laushi da sauri. Bom ne, ƙofar mota ce, gangar waƙa ce, duk zuuu ɗaya za ka ji. Yawancin hedfon masu jijjiga da fitilu da ake rubuta wa "7.1" (wato sauti daga kowane ɓangare) a kwali ana sayarwa da araha, wannan ne a cikinsu.

Akwai na tsakiya, maganaɗisu a kan sifirin da ke kai da komo a layi ɗaya, irin na wayoyin zamani. Yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, sai dai a kaɗawa guda kawai yake da ƙarfi, galibi tsakanin 150 da 250 Hz.

Na ukun shi ne abin da ya cancanci kuɗi. Gininsa irin na sifika ne, kwayil da maganaɗisu, amma maimakon takardar da ke tura iska sai aka sa masa nauyi. Sautin da kansa ake ba shi, don haka idan injin mota yana gurnani a 40 Hz zai kaɗa sau 40 a daƙiƙa, idan direba ya taka wuta sautin ya hau, jijjigar ma ta hau tare da shi. Idan ka taɓa riƙe hannun PS5 a gidan gem bayan ka saba da na PS4, ka riga ka san bambancin da tafin hannunka, domin irin wannan na'ura ce a ciki.

Kamfanin Razer ya fitar da Nari Ultimate a 2018 da irin wannan, wadda kamfanin Lofelt na Jamus ya ƙera, tana aiki daga 20 zuwa 200 Hz. Daga baya suka kawo Kraken V3 HyperSense mai waya da Kraken V3 Pro mara waya, sai Kraken V4 Pro a 2024. Corsair ya fitar da HS60 Haptic a 2020, na USB ne da aka yi domin kwamfuta. Skullcandy kuwa tun 2013 yake da jerin Crusher, masu ɗan maɓallin ja sama da ƙasa a murfin hagu, ko da yake asalinsu domin waƙa aka yi su. Abu ɗaya da ke rikita masu saye: Sony ya taɓa yin Pulse Elite mai jijjiga a zamanin PS3, amma Pulse 3D na PS5 ba ya jijjiga ko kaɗan, kada sunan ya ruɗe ka.

Sauti yake bi, bai san wasan ba

Nan ne maganar mai shago ta kauce. Hannun PS4 yana jijjiga ne saboda wasan da kansa ya aiko masa da umarni: an harbe ka, ka bugi bango. Hedfon kuwa, in ban da 'yan wasanni kaɗan na kwamfuta da aka rubuta musamman domin sabon tsarin Razer, ba ya samun wani umarni daga wasa. Akwai ɗan tace-sauti a cikinsa da ke tsame bes daga duk abin da ya shigo, ya miƙa wa na'urar jijjiga. Bai san bambancin gurneti da waƙar da ke bayan fage ba. Idan abokin wasanka mai kaurin murya ne, da ya ce "ku zo nan" sai kanka ya kaɗa, domin muryar namiji tana farawa ne daga wajen 85 zuwa 180 Hz, daidai cikin gonar na'urar.

Yanzu dubi abin da kake nema a PUBG. Takun ƙafa a kan bene, ƙarar sauya harsashi, shashshaƙar mai jan ciki a ciyawa, abin da ke bambanta su a kunne yana cikin sauti na tsakiya da na sama, nesa da inda jijjiga take aiki. Ƙwaƙwalwa tana gane hagu da dama ne ta hanyar kwatanta kunnuwa biyu: wanne ya riga ji, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma wanne ya fi ji da ƙarfi. Jijjiga ba ta da wannan tsabtar. Ƙoƙon kai a haɗe yake, abin da aka kaɗa a hagu yana ratsawa zuwa dama. Masu tsada suna raba hagu da dama, kuma za ka ji bom ya fi nauyi a gefe ɗaya, amma wannan bayani ne da kunnenka ya riga ya ba ka.

Abin da ya fi muni shi ne sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne na samansa. Ka tuna yadda janareta ke cinye maganar wanda ke gefenka. Jirgi yana wucewa a sama, ana ruwan bama-bamai a jan yanki, murfin kunnenka yana rawa, a daidai lokacin ne wani yake hawowa matakala. Shi ya sa masu buga gasa suke rage bes a ikwalaiza, wato saitin daidaita sauti, ba ƙara shi ba.

Rubutun "7.1" ma kada ya ɗauke maka hankali. Sifika biyu ce a ciki, ɗaya a kowane kunne. Sauran dabara ce ta manhaja, kuma manhajar a kwamfuta mai Windows take aiki. A waya da PS4 sauti biyu za ka samu, hagu da dama, wanda kuma ya ishe ka, domin PUBG yana lissafa wajen da sauti ya fito da kansa.

Inda jijjiga take da daraja kuwa, ba na rage mata komai. A tseren mota, jin injin yana hawa yana sauka a gefen kanka yayin da kake canza giya abu ne da sifika kaɗai ba za ta ba ka ba. Haka wasannin labari, wasan dambe, da kallon fim da dare lokacin da ba ka son tada mutanen gida. A ƙwallo amfaninta kaɗan ne: ihun 'yan kallo da muryar mai sharhi za su riƙa kaɗa ta ba dalili.

Me ya sa ta abokinka ba ta aiki

Jijjiga wuta take ci, kuma ramin iyafis na milimita 3.5 sauti kawai yake bayarwa, ba shi da wutar da za ta juya moto. Don haka dole wutar ta fito daga USB ko daga batirin da ke cikin hedfon.

Ka ce abokin naka ya duba wayar hedfon ɗinsa. Idan ta rabu biyu, filogin iyafis da na USB, to akwai yiwuwar USB ɗin na fitila ne kawai, babu moto a ciki sam, kwalin ne ya yi alkawarin da babu shi. Idan akwai maɓallin jijjiga a jikin wayar ko a bayan murfi, ya sa filogin iyafis a waya, USB kuma a fawa bank, ya danna maɓallin, ya ɗaga sauti ya wuce rabi, domin irin waɗannan ba sa tashi sai bes ya kai wani mataki. Fawa bank na ce, ba cajar bango ba. Idan wayar tana caji, hedfon ma yana jone da wutar gida, sau da yawa za ka ji wani zuuu ko tsiii a kunne, musamman a kan janareta.

Idan kuwa USB ne kaɗai, to katin sautin yana cikin hedfon, kuma sai da OTG, ɗan filogin da ke haɗa USB da ramin cajin waya, zai shiga waya. Ramin USB na kwamfuta yana ba da volt 5 da miliamf 500, sabon samfuri mai shuɗin baki har 900. Wayoyi da yawa ba sa sakin haka ta OTG. Fitila ba ta cin komai, sai ta kama, moto kuma ya rasa abin tashi, ko sautin ya riƙa yankewa duk sanda aka yi harbi. A wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannu, kuma yana kashe kansa bayan 'yan mintuna idan ba a jona komai ba. Ko da ya yi aiki, batirin wayarka ne ke ciyar da shi, ramin caji kuma a toshe. Waya tana fama da PUBG a zafin watan Afrilu, ga ƙarin kaya, za ta yi zafi, ta rage gudu, wasan ya fara sarƙewa.

Mai Bluetooth irin Crusher yana da batirinsa, don haka jijjigar za ta yi aiki a kowace waya. Cikas ɗinsa jinkiri ne. Bluetooth na yau da kullum yana iya makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba za ka lura ba, a PUBG kuwa an riga an harbe ka kafin ka ji. Maganinsa ka sa masa wayar iyafis da ke zuwa a kwalinsa, batirin ya ci gaba da ciyar da jijjigar. Masu ɗan filogin USB na 2.4 GHz ba su da wannan matsalar sosai, jinkirinsu ƙanƙani ne.

PS4 ɗinka tana karɓar yawancin hedfon na USB. Ka jona a gaba, ka shiga saitin na'urorin sauti, ka zaɓi a turo duk sauti zuwa hedfon, in ba haka ba hira kawai za ka ji, wasan ya ci gaba da fita ta talabijin. Hedfon na Bluetooth na gama-gari ba ta karɓa, sai dai ka sa wayarsa a ramin da ke ƙasan hannun wasa. Mai Xbox kuma ya sani cewa USB ba ya aiki a can sai wanda aka ƙera musamman dominta.

Kunne da kai

Abin da aka tabbatar yana kashe ji shi ne ƙarfin sauti da tsawon lokacin da aka ɗauka ana jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yara. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5 a mako gaba ɗaya. Wanda ke buga awa uku kullum da sauti a ƙure ya wuce iyaka tun farkon mako. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa dawowa, kuma ba sa ciwo lokacin da suke mutuwa. Wannan ya shafi ƙannenka fiye da kai.

A nan jijjiga tana iya zama alheri ko akasin haka, ya danganta da irin na'urar. Mai kyau, wadda ke da nata maɓallin ƙarfi daban, tana ba ka nauyin fashewar ba tare da ka ɗaga sauti ba, sai ka bar shi a rabi ka ƙoshi. Mai araha kuwa, da ba ta tashi sai an ƙure sauti, tana koya maka mugun hali ne kai tsaye. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba na ba da shawarar masu moto.

Akwai kuma nauyi. Hedfon na yau da kullum yana tsakanin giram 250 da 300, masu jijjiga suna kaiwa 370 zuwa sama da 400. Bayan awa biyu wuya da tsakiyar kai suna faɗa maka. Wasu jijjigar tana sa musu ciwon kai ko jiri, mai tabarau kuma zai ji sandunan suna kaɗawa a bayan kunne. Aikina na'ura ce, ba jikin mutum ba, don haka idan kana jin ƙara a kunne bayan ka cire hedfon, ko maganar mutane ta koma kamar daga cikin tulu, ko kana da ciwon kunne ko yawan jiri tun da, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a auna jinka kafin ka ɗora wa kanka abin da ke kaɗawa.

Abin da Kano ke yi wa irin wannan kaya

Soson kunnen yawanci fatar roba ce, domin sai ya manne sosai jijjiga da bes suke zama. A zafin bazara, da zufa da man kai, cikin 'yan watanni sai ta fara ɓarewa, ka cire hedfon ka ga baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Ka riƙa goge shi da ɗan ƙyalle mai ɗanshi bayan kowane wasa, ka bar shi ya sha iska, kuma tun kafin ka saya ka tambaya ko ana samun soson canji. Idan ku uku kuke amfani da shi, gogewar ta zama dole, saboda ƙaiƙayin kunne yana bin soso. Hula ma tana da tasiri: idan bakinta ya shiga ƙarƙashin soson, iska ta samu hanya, rabin bes ya tafi.

Na'ura mai kaɗa kanta tana kwance kanta. Laifin da aka fi kawowa gyara shi ne karkarwa a murfi ɗaya, kuma galibi sukuru ne ya saki ko gam ɗin da ya riƙe na'urar ya narke. A cire soso, a ɗaure sukurorin, a sake manne ta, shi ke nan. Na biyu, gefe ɗaya ya daina jijjiga: siririyar wayar da ta bi ta cikin baka zuwa ɗaya kunnen ce ta karye a wajen lanƙwasa, ko dalmar ta tsage. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallin da ake ja sama da ƙasa, ya riƙa ƙarar-ƙarar, ɗigon sifirit na gyaran waya yana wanke shi.

Batiri shi ne abin dubawa a na hannu. Razer da kansa ya rubuta wa Kraken V3 Pro kusan awa 44 idan an kashe jijjiga da fitila, awa 11 idan an kunna su. Wannan sabo ke nan. Wanda ya shekara uku a hannun wani zai ba ka ƙasa da haka nesa, ga wuta ba kullum ba. Kada ka bar shi a mota ko a taga da rana, kada kuma ka yi cajinsa yana da zafi.

Gwajin minti biyar a shago

Yadda jijjiga ke zama a kai ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka kada ka saya a kwali a rufe, ko a Farm Centre ne ko Beirut Road. Ka je da wayarka da OTG ɗinka, kada ka yarda da bidiyon mai shago, domin an zaɓe shi ne saboda bes. Ka sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji, ka kunna 40 Hz, sannan 80, sannan 150. Na'ura mai kyau za ta canza yanayin kaɗawa a kowanne, daga bugu mai nauyi a hankali zuwa tsuma mai laushi. Moto zai yi zuuu iri ɗaya ko ya yi shiru. Ka tsayar da sautin farat ɗaya ka ji ko jijjigar ta tsaya tare da shi. Ka rage sauti zuwa kashi 40 cikin ɗari ka ga ko tana nan. Ka tura wa wani saƙon murya da makirfon yayin da jijjigar ke aiki, ka saurara ko gurnanin ya shiga, domin abokan wasanka ne za su sha shi. Daga ƙarshe ka kashe jijjigar gaba ɗaya ka saurari hedfon a matsayin hedfon. Idan muryoyi sun dushe kamar an rufe sifika da bargo, ajiye shi. Wanda ba shi da maɓallin kashewa ma kada ka tsaya gwada shi.

A yanayinka, tunda PUBG a waya shi ne wasanka na kullum, ka fara sayen hedfon ko iyafis mai waya, mara nauyi, mai tsabtar sauti, da kuɗin da za ka ba wa mai moton nan. Idan daga baya aljihu ya ba da dama kuma tseren motar ya ci gaba da jan ku, ka nemi mai na'ura irin ta sifika, mai matakan ƙarfi, wanda ke shiga PS4 ta USB. Ka sa shi a matakin ƙasa ko na tsakiya a tsere, ka kashe shi a ƙwallo, idan kuma ka ɗauke shi zuwa PUBG ka kashe jijjigar tun kana cikin jirgi kafin ka yi tsalle.